Ba ƙarewar makamashi ke fasa farin wadan tauraro ba

An daɗe ana cewa duk tauraron da ya fashe, makamashinsa ne ya ƙare. Wannan labarin manyan taurari ne. Farin wada, wato ragowar tauraro irin Rana bayan makamashinsa ya ƙare, tuni ya mutu: dunƙulen kabon da oksijin ne, girmansa kamar Duniya. In an ƙyale shi, hucewa kawai zai yi.

Maƙwabci ke ja masa. Wadan yakan zuƙi iskar tauraron da suke zagaya juna, ko ya haɗe da wani wadan. Da nauyinsa ya doshi ninki 1.4 na Rana, wato iyakar nauyin da wada zai iya ɗauka, wadda ake kira iyakar Chandrasekhar, sai kabon ɗin tsakiya ya kama ci da wuta. Tauraro mai rai zai kumbura ya huce, wannan kuwa ba ya iyawa, don matsin cikinsa bai dogara da zafi ba. Cikin daƙiƙoƙi ya tarwatse. Irin wannan fashewar masanin taurari Tycho Brahe ya gani a 1572.