Wace shawarar ake nufi?

Da watan Mayu ya kama, ba ka buɗe rediyo a Kumasi ba ka ji an ambaci shawara ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Ghana ce ta ware wannan wata don faɗakarwa a kan shawarar jarirai, suna ce masa Watan Rawaya. Abu ne mai kyau, Allah Ya saka musu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda maganar take rikiɗewa da zarar ta bar bakin likita ta shiga bakin mai gabatar da shiri. Zai fara da jinjiri ɗan kwana uku, kafin minti biyar ya koma kan sauro da share kwata, sannan a rufe da tallan wata kwalba mai maganin shawara da basir da sanyin mara, duk a cokali ɗaya. 'Yan siyasa ma ba a bar su a baya ba, sai ka ji mai neman kujera yana alkawarin kawar da shawarar jarirai daga Zango gaba ɗaya. Abin da jarirai shida cikin goma suke yi a makonsu na farko, ko a Ingila aka haife su ko a unguwar Aboabo, ta ina za ka kawar da shi?

Shawara a bakin Bahaushe sunan launi ne da ya bayyana a jiki, ido ya yi ruwan ɗorawa, fata ta bi. Cututtukan da ke kawo wannan launi kuwa ba dangin juna ba ne. Akwai zazzaɓin shawara, wanda sauro ke yaɗawa, irin wanda ya ɓulla a yankin Savannah na Ghana a ƙarshen 2021. Shi ne ake yi wa yaro allurarsa a wata tara, shi ne kuma mai katin nan rawaya da alhazai ke riƙewa in za su Makka. Akwai ciwon hanta na manya. Sai ta jarirai, wadda ba sauro ke kawo ta ba, ba a ɗaukarta a wurin kowa, kuma babu allurar rigakafinta a duniya. Don haka in ka ji kaka tana cewa, "Ai uwarsa ta yi allurar shawara bara da za ta Hajji, kuma a gidan sauro suke kwana," gaskiya ta faɗa, sai dai ba a nan gizo yake saƙa ba. Haka nan mai cewa manja ne uwar ta sha da ciki, ko mangwaro. Ba ruwan manja.

Ga inda launin yake fitowa. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, kuma nasa ba sa daɗewa kamar na babba. Na babba sukan yi kwana 120, nasa 70 zuwa 90 sun mutu. In suka farfashe sai su bar wani sinadari rawaya, likitoci na ce masa bilirubin. Aikin hanta ne ta sarrafa shi ta tura shi hanji ya fita da kashi. To hantar ɗan kwana biyu kamar amarya ce da aka tara wa wanke-wanken biki tun ba ta san inda soso yake ba: za ta yi, amma sai a hankali. Kafin ta kama hannu sinadarin ya taru a jini ya rina fata. Bakwaini ya fi shiga wannan hali, kusan takwas cikin goma. Yawanci launin kan fito a kwana na biyu ko na uku, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen kwana na uku zuwa na biyar, ya washe kafin mako biyu.

Daga wannan gaskiyar ce aka samo maganar da ta fi kowace cutarwa: "Ba komai, kowane yaro yana yi, a dinga sa shi a hantsi."

Maganar rana tana da asali, shi ya sa take da wuyar kashewa. A shekarar 1956, a asibitin Rochford da ke Ingila, akwai wata nas mai kula da bakwaini, Sista Jean Ward, mai son fitar da jarirai tsakar gida su sha iska da rana. Wata rana likitoci suka ga wani jariri jikinsa ya washe, in ban da wani ɗan wuri mai kusurwa uku da ya rage rawaya shar, daidai inda gefen zani ya rufe. A asibitin nan dai aka bar kwalbar jinin gwaji a bakin taga, da aka zo aunawa sai aka tarar bilirubin ɗin ya ragu. Dokta Richard Cremer da abokan aikinsa suka bi diddigi, suka gano shuɗin da ke cikin haske ne yake canza sinadarin ya koma irin wanda jiki zai iya fitarwa ba sai ya jira hanta ba. Suka ƙera fitila, suka buga sakamakonsu a 1958. Shuɗiyar fitilar nan da ake kwantar da jarirai a ƙarƙashinta a Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, an rufe musu ido, daga su sai kunzugu, jikanyar waccan ce.

Ashe kaka ba ƙarya ta yi ba da ta ce haske magani ne. Amma dubi abin da su Cremer suka yi da abin da suka gani: ba su ce a kwashe yara a shanya a tsakar gida ba, fitila suka ƙera, don a san ƙarfin hasken da yaro yake samu, a bar shi a ciki dare da rana, ana ɗiban jini ana aunawa. Ko a Legas, inda aka yi gwaji da jarirai 447, rabinsu a hasken rana rabi a fitila, aka buga sakamakon a 2015, a ƙarƙashin rumfa aka yi, mai wata leda ta musamman da ke tace hasken da ke ƙona fata da wani ɓangare na zafin. Ana duba zafin jikin yaran awa-awa, ana auna jininsu, kuma ba a sa waɗanda shawararsu ta yi tsanani a ciki ba. Ina wannan, ina minti goma a bakin ƙofa da ƙarfe bakwai na safe, yaro naɗe cikin tawul da hula da safa, fuskarsa kaɗai a waje? In kuwa aka tuɓe shi aka bar shi a ranar Kumasi ta sha ɗaya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ga ƙuna ga ƙishirwa.

Akwai kuma wata yaudara a ciki wadda ban taɓa jin an faɗa a rediyo ba. Haske yana fara dusashe launin da ke kan fata ne, alhali na cikin jini yana nan da yawansa. Sai a ga goshi ya yi fes, a ce Alhamdulillahi ya samu sauƙi, a fasa zuwa asibiti. Ko a asibiti, da zarar an sa yaro a fitila ba a ƙara yarda da ido, sai gwajin jini.

Ruwan gulukos da wasu ke ba jinjiri ma haka. Yana cika ɗan cikin yaro, ya rage tsotso, kashi ya ragu, sinadarin da ya kamata ya fita ya zauna a hanji jiki ya sake tsotse shi. Abin da ke kore shi nono ne, sau takwas zuwa sha biyu a yini da dare, tun daga dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne. Shi ne yake tunkuɗo baƙin kashin farko. Jiƙon rawaya da sauran saiwoyin da manya ke sha kuwa, ko ɗigo kada ya shiga bakin jinjiri.

Yanzu a duba lissafin kwanaki, a ga yadda ya ci karo da al'adarmu. Mace ta haihu lafiya, sau da yawa kafin ta kwana biyu an sallame ta, lokacin launin bai fito ba. Ta dawo gida ta shiga ɗaki. Duk wanda ya san gidajen haya na Asawase ya san ɗakin: taga ɗaya ƙarama, labule mai kauri, ƙwan lantarki shuɗi ko ja, hayaƙin turare, yaro a ƙudundune a bayan gado. Ba zai ga waje ba sai ranar suna. Kwanakin nan bakwai da ake ɓoye shi su ne daidai kwanakin da sinadarin yake hawa. Mata na shigowa barka, kowa ta leƙa ta ce, "Tubarkalla, fari tas, ya ɗebo hasken kakarsa." Wani hasken ba na kaka ba ne.

Ba na cewa a fasa zaman ɗaki. Cewa nake kullum da safe a kawo shi bakin ƙofa inda hasken gari yake, don a gan shi, ba don a gasa shi ba. Fatarmu baƙa ce, launin ba ya ihu, sai an neme shi. Ki danna kan hancinsa ko goshinsa da yatsa ki ɗaga, ki ga launin da ya bayyana kafin jini ya dawo. Ki duba farin idonsa in ya buɗe, ki ɗaga leɓe ki ga dasashi. Launin daga kai yake farawa ya gangara, fuska, ƙirji, ciki, cinya. In kin gan shi ko a fuska ne, a kai shi a auna, yanzu har na'ura akwai da ake ɗorawa a goshi ko ƙirji. In ya kai tafin hannu da tafin ƙafa, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwar Kejetia. Haka in ya fito tun yaro bai cika awa 24 ba, wannan ba irin ta kowa da kowa ba ce, jini ne yake farfashewa da sauri.

Dalilin gaggawar shi ne, in sinadarin ya wuce kima yana tsallakawa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa. Yaro ya daina kama nono, barci ya yi masa nauyi ba ya tasuwa, sai kuka mai tsini, sai ya dinga banƙarewa yana jan kai baya. A nan ne mu mukan ce iska ce ko tsuntsu, maƙwabtanmu Asante su ce asram, a nufi wurin mai magani. Wanda ya rayu yakan tashi da kurumta, ko wuya ya ƙi tsayawa, ko gaɓoɓi su dinga murɗewa ba da sonsa ba. A asibiti in fitila ta kasa, musanya jinin yaron ake yi kaɗan-kaɗan ta cibiya, kuma yana ceto, in an zo da wuri.

Sai kafur, wanda a kasuwa ake ce wa kamfo. Fararen ƙwallayen nan da ake jefawa cikin akwati saboda kyankyasai, yawancinsu naftalin ne. Tun ciki yana wata bakwai mace take tara kayan jariri, riguna, huluna, zanen goyo, ta jera a akwati ta watsa kafur ta rufe. Ranar da aka dawo daga asibiti a buɗe, ƙamshi ya bugi hanci, a ce kaya sun yi tsabta. To akwai wani gadon jini da ake kira ƙarancin G6PD, yana da yawa a Afirka ta Yamma, ya fi bayyana ga 'ya'ya maza, kuma mai shi lafiyarsa lau har sai ya haɗu da abin da jininsa ba ya so. Naftalin na sahun gaba. Yaro yana shaƙarsa, yana kuma shiga ta fata, balle fatar da aka mulke da man kaɗanya, don a mai yake narkewa. Ruwa kuwa ba ya narkar da shi, shi ya sa ɗauraya ɗaya ba ta raba shi da tufafi. Jajayen ƙwayoyin jinin yaron sai su fashe a tare, yaron da aka sallamo garau ya koma ruwan ɗorawa cikin yini guda. Lalle ma yana yin haka ga masu wannan gado, don haka kada a shafa wa jinjiri. Tunda ba a gane mai G6PD da ido, ni a ganina gidan da ake jiran haihuwa bai kamata a samu kafur ko ɗaya a cikinsa ba, har wanda ake jefawa a bayi.

Rukunin jini ma yana da hannu. Uwa mai O da ta haifi ɗa mai A ko B, a sa masa ido sosai. Uwa mai jini nagatif kuwa akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa don kare cikin gaba. Yana rubuce a littafin awonki, in ba ki gane ba ki ce, "Anti nas, don Allah mene ne rukunin jinina?" In wani daga cikin yayyensa ya taɓa kwanciya a fitila, ki faɗa tun kafin a sallame ku.

Akwai wata kuma da masu rediyo ba sa kaiwa gare ta saboda lokacin talla ya yi. An yi suna, an ci tuwo, an watse, mako biyu ya wuce, ko uku in bakwaini ne, ido bai washe ba. Sau da yawa ta nono ce, ba ta da illa, kuma ba a yaye yaro saboda ita. Amma sai an gwada ake sanin haka, domin a cikin irin waɗannan akwai 'yan kaɗan da hanyar da ruwan matsarmama ke bi daga hanta zuwa hanji ce a toshe. Fitila ba ta yi wa wannan komai, aiki ake yi, kuma ya fi yin nasara kafin yaro ya cika wata biyu. Alamarta tana cikin kunzugu: kashin mai shan nono rawaya ne ko kore-kore, fitsarinsa kusan kamar ruwa. In kashi ya koma fari-fari kamar farar ƙasa, fitsari ya yi duhu yana rina zani, ki ƙulle kunzugun a leda ki tafi da shi asibiti, likita ya gani da idonsa.