Atisayen ƙarfi da juriya na 'yan wasa a Katsina

Atisayen ƙarfi da juriya shi ne horon da ɗan wasa yake ba jikinsa kullum, ban da koyon dabarun wasan kansa, domin tsoka ta yi ƙwari, numfashi ya yi tsawo, gaɓoɓi kuma su jure wahalar gasa ba tare da rauni ba. A Katsina da Daura masu yin sa sun haɗa da 'yan ƙwallon ƙafa, 'yan dambe, 'yan kokawa, 'yan tsere da 'yan folo, wato ƙwallon dawaki. Kowane wasa da irin ƙarfin da yake nema, amma ginshiƙin ɗaya ne: a ɗora wa jiki nauyi daidai iyawarsa, a ba shi abinci da hutu, sannan a ƙara.

Asali

Dambe ya taso ne cikin mahauta, kokawa kuma cikin manoma, kuma da kaka aka fi yin su, bayan an kawar da amfanin gona. A da ba a ware wani lokaci a ce na atisaye ne. Huɗa, ɗaukar dammunan gero da kayar da sa a mahauta su ne suke gina jikin saurayi, dabara kuwa wajen ubangidansa yake koyo. Folo ya samu gindin zama a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a wasan. Babban filin wasa na birnin, inda Katsina United take buga wasanninta na gida, sunan Dikko yake ɗauke da shi.

Tsararren atisaye irin na yau daga waje ya zo. A 1945 wani likitan soja a Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana yadda ƙara nauyi mataki-mataki yake dawo wa sojojin da suka ji rauni da ƙarfinsu. A shekarun 1960 kuma Leo Matveyev na Tarayyar Sobiyet ya fito da tsarin kasa shekarar ɗan wasa gida-gida: lokacin gina jiki, lokacin gasa, da lokacin sararawa.

Yadda ƙarfi yake samuwa

Ba a lokacin ɗaga ƙarfe tsoka take ƙaruwa ba. Aikin yana gajiyar da ita ne, sai a cikin barci da hutun da suka biyo baya jiki ya gyara ta, ta dawo ta fi da. Shi ya sa masana suke cewa a bar tsokar da aka wahalar sosai ta huta kamar awa 48 kafin a sake matsa mata. Atisayen kullum ba yana nufin aiki iri ɗaya kullum ba: yau ƙafafu, gobe ƙirji da kafaɗu, jibi gudu, rana ɗaya a mako kuma a huta sarai.

Nan ne samari da yawa suke yin asara. Akwai ganin cewa wanda ya fi shan wahala shi ya fi ƙarfi, sai ka ga yaro yana tsallen kwaɗo safe da yamma har gwiwa ta kumbura, ga shi ana gobe wasa. Wannan ba jarumta ba ce, cin jiki ne kawai. Alamun an wuce gona da iri a fili suke: barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita a rai, gudun da aka saba yi cikin sauƙi ya zama jidali.

Mai neman tsantsar ƙarfi yakan ɗaga nauyi mai yawa sau 3 zuwa 5 a jere, ya huta minti biyu ko uku, ya maimaita. Mai neman kaurin tsoka yakan rage nauyin ya ɗaga sau 8 zuwa 12. Ɗan ƙwallo, wanda yake iya cin kilomita 10 a wasa ɗaya, yana buƙatar gajeren gudu mai tsanani da ake maimaitawa fiye da doguwar sassarfa. Ɗan dambe kuwa turmi uku ne gabansa, kuma naushin da yake kisa, wato kayar da abokin karawa, daga ƙafa da ƙugu yake tasowa kafin ya iso hannun da aka naɗe da zare. Wanda ya tsaya dukan buhun yashi a gindin darbejiya ya manta da ƙafafunsa, rabin aiki ya yi.

Kayan aiki

Ba kowa yake da kuɗin shiga gidan motsa jiki ba. A unguwanni, samari suna cika gwangwanayen fenti biyu da kankare, su soka bututun ƙarfe a tsakani, ko su sa mai walda ya haɗa musu tsofaffin ƙarafan mota. Waɗannan suna aiki ƙwarai, illarsu ɗaya: ba a san nauyinsu ba, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya, sai kafaɗa ta karkace. Maganin mai sauƙi ne. A kai su wajen mai sikeli a kasuwa, a auna, a rubuta kilo a jiki da fenti, ɗan wasa kuma ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya ɗaga kowace rana. Igiyar tsalle, tsohuwar tayar mota da fili mai yashi sun isa sauran aikin.

Yanayi da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan kai digiri 40, don haka bayan sallar asuba da bayan la'asar ne lokutan atisaye. A irin wannan zafi mutum yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa guda, kuma idan ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, ƙwazo yakan ragu. Fitsari mai duhu alama ce ta a ƙara shan ruwa. Baƙon ɗan wasa da ya zo daga wuri mai sanyi yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin jikinsa ya saba. Da hunturu kuma tsoka ba ta saki da wuri, sai a tsawaita ɗumama jiki, masu asma kuma su kiyayi ƙura.

Cikin watan Ramadan akan bar aiki mai sauƙi zuwa dab da magariba, mai nauyi kuma sai bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, a yawaita ruwa tsakanin shan ruwa da sahur.

Abinci da ƙwayoyi

Mai atisaye sosai yana buƙatar furotin kamar giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, da barcin awa 7 zuwa 9. Wake, awara, ƙwai, ƙuli-ƙuli, nono da nama sun wadatar, tuwo da fura da shinkafa kuma su ba da kuzari. Garin furotin na gwangwani mai tsada ba dole ba ne.

Babban haɗarin shi ne ƙwaya. Tramadol tana ɓoye ciwo, sai ɗan wasa ya ci gaba da taka ƙafar da ta yi targaɗe har raunin ya ta'azzara, ga kama jiki, ga farfaɗiya idan an sha da yawa. Hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999 don yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, ta haramta ta a lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka kuwa haramtattu ne ko ana gasa ko ba a yi, kuma suna lalata hanta da zuciya, suna rage ƙarfin haihuwa ga maza.