Duwatsun Azbin

Azbin, ko Abzin, wanda Buzaye ke kira Ayar, yankin duwatsu ne a arewacin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Agadas. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 84,000. Ƙololuwarsa mafi tsawo ita ce Idukal-n-Tages da ke tsaunin Bagzan, mai mita 2,022. Daga gabas ya yi iyaka da hamadar Tenere, inda jigayin rairayi ke jingina da baƙaƙen duwatsu, kuma wannan haɗuwar ce ta fi jan masu ɗaukar hoto.

Tarihi

Tarihin baka na Gobirawa ya ce kakanninsu a Azbin suka zauna kafin Buzaye su matso su kudu. Masana sun saɓa kan lokacin da hakan ya faru. An kafa sarautar Azbin a wajajen ƙarni na 15, daga baya fadar ta zauna a Agadas. Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin a farkon ƙarni na 16. Masallacin Agadas, mai hasumiyar laka ta mita 27 da itatuwa ke fitowa daga jikinta, ana danganta gininsa da 1515, aka sake gina shi a 1844. Kufan Asode, tsohon gari a tsakiyar duwatsun, har yanzu na nan da ragowar bangaye.

Ta Azbin ayarin gishiri ke bi. Da kaka ta yi, madugu kan ja raƙuma ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da gero, a komo da kantu da dabino, daga nan a gangara kasuwannin ƙasar Hausa har Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa yankin a 1850. A 1916 Kawusan, wani jagoran Buzaye, ya yi wa Faransawa tawaye ya kewaye sansaninsu a Agadas; ramuwar da suka yi a 1917 ta bar ƙauyuka da dama kufai.

Zane a jikin dutse

Akwai dubban zane-zane na shanu, giwaye, jiminu da mutane, shaidar cewa wurin ya taɓa zama dausayi. Mafi shahara su ne raƙuman dawa biyu na Dabus, arewa da Agadas, waɗanda aka bayyana wa duniya a 1987. Babban ya kai mita 5.4, an sassaƙa har ɗigon jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ana ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000, ko da yake ba a tsayar da magana ba.

Gandun daji

An keɓe gandun Azbin da Tenere a 1988, mai hekta miliyan 7.7. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991, shekara guda bayan haka kuma cikin waɗanda ke fuskantar barazana. Bishiyar ƙayar nan tilo ta Tenere, wadda ayari ke saiti da ita, mota ce ta buge ta a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai.

Tafiya da ɗaukar hoto

An fi zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da mota mai jan ƙafa huɗu ko a kan raƙumi, tare da ɗan jagora. Wuraren da aka fi ɗauka su ne lambunan Timiya masu lemo da rumman, da jigayin Temet da Arakawo. Da sassafe ko gab da faɗuwar rana ake samun inuwar da ke fito da ƙirar jigawa. Da tsakar rana komai fari fat yake. Hazon hunturu kan shafe duwatsun nesa, rairayi kuma kan shige cikin kyamara, shi ya sa ake naɗe ta cikin rawani ko leda.

Tawayen Buzaye na 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, da sace baƙi a garin Arlit a 2010, sun durƙusar da yawon buɗe ido a yankin.