Ranar hutu a addinin Kirista: Asabar ce ko Lahadi?

A garin Tawa na Nijar ranar Lahadi kasuwa take ci sosai, kuma ran nan ne Kiristoci suke zuwa majami'a. Shi ya sa maƙwabta kan yi waɗannan tambayoyi.

Daga ina batun hutun ya samo asali?

Daga Attaura. Littafin Farawa ya ce Allah ya yi halitta cikin kwana 6, ya huta a na 7, ya tsarkake ranar. Kiristoci ba sa cewa gajiya ya yi, aikin ne ya kammala. Daga baya umarnin ya shiga Dokoki Goma, a Fitowa sura 20.

Wa aka ce ya huta?

Nan ne wurin da aka fi tsallakewa. Wani littafin Attaura, Maimaitawar Shari'a, a sura 5 ya jera su: kai, ɗanka, 'yarka, bawanka, baiwarka, sanka, jakinka, har baƙon da ke garinku. Dalilin da aka ba Isra'ilawa shi ne su tuna su ma sun yi bauta a Masar. Wato hutun haƙƙin na ƙasa da kai ne. Maigidan da ya sha ado ya tafi sujada, ya bar 'yar aiki tana daka da wanki har la'asar, jakin amalanke yana jan ruwa cikin rana tsaka, a ganina bai kiyaye ranar ba, ko da shi ya fi kowa ɗaga murya wajen waƙa.

Rana ta 7 ai Asabar ce. Yaya aka koma Lahadi?

Kiristoci sun gaskata ranar farko ta mako Yesu ya tashi daga matattu, sai masu bi na farko suka riƙa taruwa ran nan suna gutsuttsura gurasa (Ayyukan Manzanni 20:7). Sai a shekara ta 321 Sarkin Rum Kostantin ya mai da Lahadi ranar hutu a doka, kuma ko shi ya ɗauke wa manoma. 'Yan Adbentis, da suka kafa ɗarikarsu a Amurka a 1863, har yau Asabar suke riƙe. Manzo Bulus dai, a wasiƙarsa ga Kiristocin Rum, ya ce a batun ranaku kowa ya tsaya a kan abin da zuciyarsa ta tabbatar.

To mai jinya a asibitin Galmi fa, ko wadda cinikin Lahadi ke ciyar da 'ya'yanta?

Yesu ya warkar da marasa lafiya ran Asabar. Da aka zarge shi, ya tambaye su wane ne ba ya kwance sansa ko jakinsa ya kai shi shan ruwa ran nan. Ya kuma ce an yi Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba. Aikin jinya dai babu gardama a kansa. Ciniki ne ake saɓani: wasu fastoci sukan ce a rufe rumfa gaba ɗaya, wasu su ce a yi sujada tukuna sannan a fita. A wurin Katolika kuwa, wanda ya halarci sujadar yammacin Asabar ya sauke ta Lahadi.