Waiwaye: Kwazazzabon Ironbridge, Inda Wutar Ƙarfe Ta Ci Shekara 308

A watan Nuwamba na 2017 aka rufe masana'antar zubin ƙarfe ta ƙarshe a Coalbrookdale, wadda ke yi wa kamfanin Aga sassan murhun girki. Wannan ƙauye yana cikin kwazazzabon Ironbridge, a gefen Kogin Severn, a gundumar Shropshire ta Ingila, kuma tun 1709 ake zubin ƙarfe a cikinsa.

Allah ya hore wa kwazazzabon komai a wuri guda. Kogin ya zaftare ƙasa ya bar kwal, da tama, da farar ƙasa, da yumɓu kusa da sama, ga shi kuma jiragen ruwa na bin sa har tashar Bristol. Matsalar guda ce: kamar yadda maƙeranmu na dā suka sani, tama ba ta narkewa sai da gawayi, gawayi kuwa daji yake ci. Ɗanyen kwal ba ya yi, domin farar wutar da ke cikinsa tana sa ƙarfe ya riƙa karyewa. Abraham Darby ya karɓi hayar wani tsohon tanderu a Coalbrookdale, a 1709 ya yi amfani da kwal ɗin da aka gasa har ƙazantarsa ta ragu, ƙarfe kuwa ya narke. Abin burgewa, tukwanen girki masu araha mutumin yake son yi.

Daga tukunya aka wuce zuwa silindar injin tururi, sannan layin dogo na ƙarfe a 1767. A 1779 jikansa, Abraham Darby na uku, ya ɗora gadar ƙarfen zubi a kan Severn, wadda babban bakanta ya kai tsawon kusan mita 30, ita ce ta ba wurin sunan Ironbridge, wato gadar ƙarfe. Maginan ba su da abin koyi, sai suka harhaɗa ƙarfen da irin dabarar kafintoci, ana zura wannan a ramin wancan a sa ƙusa. Aka buɗe ta a 1781, ambaliyar 1795 ta lalata gadoji da dama a kogin, ita ko gezau. Shi kuwa Darby, bashin aikin bai sake shi ba har ya rasu a 1789.

A ganina, nasarar wurin ce ta jawo koma-bayansa. Da zarar kwal ya maye gurbin gawayi, injin tururi kuma ya karɓi aikin zuga daga hannun ruwa, duk mai kwal da tama zai iya kafa tanderu. Kudancin Wales da Sikotland suka yi haka, da fili mai faɗi da ma'adinai masu yawa. Kwazazzabon kuwa matsattse ne, ƙasarsa na zamewa, ruwan kogin ya ja baya da rani ya yi ambaliya da hunturu. An kashe tsohon tanderun Darby a 1818. Talakawa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu: a 1821 masu haƙar kwal a Dawley, wani gari da ke kusa, suka yi bore kan rage musu lada, sojoji suka buɗe musu wuta. Kamfanin ya koma zubin kayan ado, irin su ƙofofin da aka nuna a baje kolin Landan na 1851. Tanderun Blists Hill, da ke yankin, sun tsaya a 1912.

An hana motoci hawa gadar a 1934. A 1967 aka kafa gidauniyar adana kayan tarihin yankin, a 1986 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yau masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da kasuwar garin Ironbridge.