Mahaifina mashayi ne, ni ma zan zama? Tambayoyi da amsoshi

Shan giya gado ne?

Rabi da rabi. Binciken tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin daga jini yake, sauran daga gida da abokai. An amsa wannan har an gaji.

Ai ba a hannunsa na tashi ba.

Bai fisshe ka ba. A 1973 wani likita mai bincike, Donald Goodwin, ya bi 'ya'yan mashaya maza a Denmak da aka ba wasu riƙo tun suna jarirai, haɗarinsu ya ninka na sauran kusan sau huɗu.

Ke nan tawa ta ƙare?

Wa ya gaya maka? Yawancin 'ya'yan mashaya ba sa zama mashaya. Kwantar da hankalinka.

Ni giya ba ta kama ni, kwalba huɗu ina tsaye daram.

Kuma kana alfahari! Wannan ita ce alamar da aka fi tsoro. Wani likita mai bincike, Marc Schuckit, ya gano samarin da giya ba ta saurin bugarwa su suka fi zarcewa daga baya, domin jikinsu ba ya ce musu ya isa.

Ina sha kullum. In yanke kawai gobe?

Nan kam ya danganta, kada ka yi gaggawa. In sai ƙarshen mako kake taɓawa, kuma kwana uku babu ita ba ya damunka, mai yiwuwa ka iya ajiyewa da kanka. Amma in ka tashi da safe hannu na karkarwa, gumi ya jiƙa riga, sai ka kurɓa kafin ka iya riƙe kofin shayi, to jikinka ya riga ya saba. Karkarwar kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, wasu su yi jijjiga kamar ta farfaɗiya, kwana 2 zuwa 4 kuma ruɗewa da gane-gane, wanda kan iya kisa. Ba kowa ke kaiwa nan ba, sai dai wanda ya taɓa yin jijjigar kada ya gwada shi kaɗai a ɗaki. Ka je asibiti, kamar na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna ko na Kware a jihar Sakkwato. Ka faɗa wa likita ainihin abin da kake sha, har burukutu da 'yar leda, ka kuma ambaci mahaifinka. Rage lissafi don kunya shi ke sa a ba ka maganin da bai kai ba.

Ban taɓa sha ba, sai dai tramol don aiki.

Ka sauya kwalba ne kawai. Je ka ga likita.