Masu tambayar kuɗin gini, ga amsarku a wuri ɗaya

Na daɗe ina tsayawa a kan aikin gini a Kano da kewayenta, kuma tambayoyin da ake yi min ba su canza ba. A wurin ɗaurin aure a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, wani ma sai ƙarfe sha ɗayan dare zai bugo waya. Ga su nan na tattara. Wanda ya sake tambaya bayan wannan, nan zan turo shi.

Nawa zai gina min ɗaki uku da falo?

Kawo zane. Idan babu zane, babu lissafi. Ɗaki uku a kan tudu mai jar ƙasa daban, ɗaki uku a filin da ruwa ke kwanciya daban, don na biyun harsashinsa kaɗai zai iya cinye kuɗin katangar na farkon. Duk wanda ya yanka maka kuɗi a tsaye bai ga fili ba, so yake ka fara ka maƙale.

To nawa ne buhun siminti yau?

Tambayi dila, shi ke sayarwa. Abin da na faɗa maka da safe zai iya zama ƙarya kafin la'asar. A watan Oktoba na 2023 kamfanin BUA ya sanar da naira 3,500 a matsayin farashin buhu a bakin masana'anta. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a kasuwa, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da masu kamfanonin aka yi maganar a dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Wata huɗu ke nan tsakani. Shi ya sa ni ba na rubuta lissafin gini da naira, da buhu nake rubutawa. Yawan buhun da gidanka zai ci ba ya canzawa, kuɗinsa ne ke yawo.

Na samu inda bulo ya fi araha, in saya?

Yanzu muka zo wurin. Malam, mai buga bulo ba sadaka yake yi ba. Siminti kuɗinsa ɗaya a wurinsa da wurin maƙwabcinsa, yashi ma haka, to ina ragin ya fito? Daga cikin bulon ya fito. Ni a wurina buhu ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 na inci 9 ba. Akwai masu fitar da 50 har sama, sannan su hana shi ruwa, su ɗora maka a mota washegari. Ɗauki ɗaya ka murza gefensa da yatsa. Idan yashi na zuba, ajiye musu kayansu. Ko ka ɗaga shi daidai ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri: nagari yakan tsaya ko ya rabe biyu, na banza sai ya zama gari.

Kuma ku riƙa lissafin asara. Bulon da rubu'insa zai farfashe wurin sauke wa, sannan ya sha filasta kamar rairayi, ina arahar take? Araha ba ta ado, an faɗa tun ba a haife mu ba.

Bulo nawa ɗaki ɗaya ke ci?

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wajen 400 daga daɓe zuwa rufi, ban da na harsashi. Katangar fili mai ƙafa 50 da 100 kuwa, kowane layi bulo 200 ne, layi 10 ya zama 2,000. Mutane da yawa ba sa saka katanga a lissafi, alhali ta kai bulon ɗaki biyar.

A ƙasar nan ake yin siminti, me ya sa yake tsada?

Dutsen namu ne, gaskiya. Dangote na da masana'anta a Obajana da Gboko da Ibese, BUA na da ta Kalambaina a Sakkwato da ta Okpella a Edo, ga ta Ashaka a Gombe. Amma injinan da kayan gyaransu da dala ake sayo su, tirelar da za ta ɗauko kaya daga Kogi zuwa Kano kuma dizal take sha. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sannan kamfani uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar, mai saye ba shi da wurin gudu sosai. Ni dai ban saka farashin ba, ku daina hararata.

In ba da aikin jinga ne, ko in riƙa biyan kuɗin yini?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa guda da zan ba kowa. Ya danganta da wane mataki ake, da wa zai tsaya a wurin, da kuma halin ma'aikacin.

Kuɗin yini na da daɗi ga mai gida ta fuska ɗaya: birkila ba ya sauri, don haka yakan ja igiya, ya duba tsayuwar bango, ya cike tsakanin bulo da kyau. Matsalarsa kuma ita ce wannan rashin saurin. Idan ba ka wurin, aikin kwana uku zai zama na mako, a zo ƙarfe tara, a tafi cin abinci, a dawo ana hira, inuwa na juyawa a ce an tashi. Ba duka ba ne, akwai masu tsoron Allah da yawa, amma tsarin ne ke ba da ƙofa.

Jinga kuma kishiyar haka. Kun yi ciniki a kan kowane bulo kaza, ko daga harsashi zuwa linta (kankaren da ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi) kaza, to shi yanzu ribarsa tana cikin gamawa da wuri. Za ka ga bango na tashi kamar ana hura shi, ranka ya yi fari. Sai ranar filasta mai shafe ya nuna maka bangon ya yi ciki, sai an ƙara kauri kafin ya miƙe, simintin da ka ɗauka ka tsira da shi ya tafi a nan. Sannan mai jinga ba ruwansa da kwaɓin da ya zube ƙasa, ba shi ya saya ba.

Abin da nake yi, kuma ban ce dole kowa ya bi ba: aikin da ake iya ƙirgawa da ido, kamar haƙan harsashi, ɗora bulo, jera tayil, ina ba da shi jinga, amma da sharaɗin duk bangon da ya karkace a rushe a sake a kan kuɗinsa. Aikin da kuskurensa ke ɓuya a ciki, kamar ɗaurin rodi da zuba kankare a ginshiƙi da linta da dakin (wato rufin kankare), wannan ba na barin kowa ya yi min sauri a kai. Ko da jingar ce, ina tsaye ana auna kwaɓi: buhu ɗaya, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa 8. Da ka juya baya kwano zai ƙaru.

Akwai na uku, wato ka ba mutum kwangilar komai, kaya da aiki, ya miƙo maka makulli. A lokacin da farashi ke zaune wannan ya fi kwanciyar hankali. A yanzu kuwa, gaba kura baya sayaki: idan kaya suka tashi, ko dai ya dawo neman ƙari ku yi rigima, ko ya yi shiru ya rage rodi da siminti ba ka sani ba. Na biyun ya fi muni. Idan dole sai haka, to a rubuta yawan kayan da irinsu, a kuma rubuta abin da za a yi idan farashi ya motsa.

Kowanne ka zaɓa, a yi takarda, shaidu biyu su sa hannu, ko da ƙaninka ne. A fayyace wa zai biya leburori, wa zai kawo ruwa, wa zai yi hayar katakon dakin, don a nan ake yawan samun "ai ba mu yi da wannan ba". Kada kuɗi ya riga aiki. Ka biya mataki-mataki, ka riƙe wani abu sai an gama ka duba. Na taɓa ba wani kafinta fiye da rabin kuɗin rufi tun bai buga ƙusa ɗaya ba, don ya ce min matarsa ta haihu. Sai da na yi mako uku ina nemansa, ruwan farko ya sauka a kan katako. Laifina ne, ni da nake wa wasu wa'azi.

Sai dai kuma kada wannan ya zama hujjar danne haƙƙi. Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Lebura da ya wuni yana ɗaukar kwano a ka, da kuɗin nan za a ɗora tukunya a gidansa da daddare. Ba shi ne za ka ce wa ya dawo Juma'a ba.

Me ya sa birkila ya ninka kuɗinsa, shi ma dala yake saye?

Ba ya sayen dala, amma yana sayen masara, yana hawa adaidaita sahu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur kuɗin mota ya ninka. Ka je kasuwa da abin da kake biyansa a da ka ga me zai saya.

Rodi ai rodi ne, ko?

A'a. Tsawonsa ya kamata ya kai mita 12. Tan ɗaya na mai milimita 12 sanda 93 ne ko 94, na 16 kuma 52 ko 53. Idan an ce maka tan ne aka ƙirgo maka fiye da haka sosai, ba kyauta aka yi maka ba, rodin ne bai cika kauri ba. Idan za ka kasuwar Ƙofar Ruwa, tafi da mai ɗaurin rodinka da abin awo. 'Yan kasuwar da yawa za su gaya maka gaskiya idan ka tambaya, akwai cikakke akwai mara cika, kowanne da kuɗinsa. Matsalar ita ce ba kwa tambaya, mai sauƙin kawai kuke nema.

Ina da 'yan kuɗi, in sayi kaya in ajiye?

Rodi, kwano, tsakuwa, bulo mai kyau, saya ka ajiye idan kana da mai gadi. Siminti kuwa kada ya wuce wata uku, kuma a kan katako, nesa da bango. Na ga mutum ya tara buhu ɗari yana murna ya riga tsada, damina ta wuce ya tarar da duwatsu. Mafi alheri ka mayar da simintin bulo, ko ka zuba shi a harsashi.

Na kai linta, ai na ci rabin aiki?

Allah ya sa. Ba ka kai ba. Bulo shi ne mai arahar gini. Rufi na gaba, katako da kwano da ƙusa, sannan wayarin, famfo, ƙofofi, tagogi, filasta, silin, tayil, fenti, ga ramin masai. Zagaya bayan gari ka ƙirga gidajen da suka tsaya a linta ciyawa ta fito a falo. Yawancinsu masu su sun ɗauka sun ci rabi ne.

Ina Saudiyya, ƙanina ne zai riƙa kula min, lafiya?

Ƙaninka ya san gini? Idan bai sani ba, ko waliyyi ne za a cuce shi. Idan ya sani, to ku yi lissafi a rubuce don zumunci ya ɗore. Kuma hoton da ake turo maka ka ce a ɗauka da wani da ka sani tsaye a gaban ginin. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Dole sai na ɗauki injiniya da takardar izini?

Idan bene ne, dole, kuma mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya. Kuɗinsa bai kai na dakin ɗaya da zai rufto ba, balle rai. Izini kuma a Kano wurin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ake nema. Je ka yi tun kafin a zo a shafa maka jan fenti a bango.

Wane lokaci ya fi sauƙin gini?

Da rani leburori sun fi samuwa, saboda 'yan cirani sun shigo, tifa kuma na iya shiga rafi ta ɗebo yashi. Damina na faɗuwa su koma gona, yashi ya yi tsada, hanya ta lalace. Amma da rani ruwa za ka saya, kuma a hunturu filasta na saurin tsagewa idan ba a jiƙa ta. Kankare na son ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai ya kwana 28 yake cika. Kuɗin ruwan nan ku daina jin ƙyashinsa.

Albashina kaɗan ne, anya zan taɓa yin gida?

Za ka yi, in sha Allahu, kwantar da hankalinka. Yawancin gidajen da kake gani a unguwanninmu ba a shekara ɗaya aka gina su ba. Ka sa a zana maka gidan gaba ɗaya, ka zuba harsashi mai kyau, sannan ka tayar da ɗaki ɗaya da banɗaki ka rufa ka shiga. Kuɗin hayar da ka huta biya shi zai sayi bulon ɗaki na biyu. Tayil da silin na ado su jira, daɓen siminti bai taɓa hana kowa barci ba. Kuma idan a ƙauye ne inda ƙasa ke da kyau, kada ka raina ginin ƙasa: a ɗora shi a kan harsashin bulo, a yi masa rufi mai baki da zai kare bango daga ruwa, ya fi na siminti sanyi a watan Afrilu.

Za ka zo ka duba min filina kyauta?

A'a. Mota ba ta shan ruwa.